Rumbun Manzo a Dajin Faransa

Ba zan tsaya kan yadda muka bar gida ba, don a shekarun farin nan barin gida ba labari ba ne, wanda ya zauna shi ake tambaya dalili. Mu biyu ne. Ni Habu, mutumin Gidimuni, mai ɗan taɓa aikin katako, sai taubashina Manzo, ɗan kawuna na Zermu, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, bai kuma san wata sana'a ba sai noma. Damina biyu a jere ya shuka bai girbi abin da zai cika ƙwarya ba. Ya sayar da bijiminsa, ya bar matarsa Hadiza da 'ya'ya huɗu a gaban rumbun da ba komai cikinsa. Wani Malam Ishaya, Kirista, ma'aikacin asibiti a Damagaram, shi ya haɗa mu da wani anasara da ya zo aikin rijiyoyi, anasaran kuma ya samo mana aiki a wani dajin farauta a ƙasarsu. Ni na yi lakwal, wato boko, kaɗan, ina jin Faransanci gwargwadon a tambaye ni in amsa. Manzo kuwa ko gaisuwarsu sai na tuna masa.

Daga Agadas muka hau kamyo, babbar mota mai ɗauke da tumaki zuwa arewa, mu a bisa, tumaki a ƙasa. Hanya duk mushen shanu ne. Ni nakan kau da kai, amma Manzo sai ya bi kowane da ido, ya ce, "Waccan ta tatsa ce, dubi ƙugunta." Kusa da iyaka direba ya sauke mu, ya ce mu zaga ta bayan tudu kada 'yan duwan masu binciken iyaka su tsare shi saboda mu, zai jira mu a gaba. Takardunmu lafiya lau suke, amma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Muka zaga, muka iske sawun taya kawai. Ya tafi da salkarmu, da jakar garin gero da Hadiza ta ƙulla wa mijinta. Ni na zagi mutumin har makogwarona ya bushe, abin da bai kamaci mai rashin ruwa ba. Manzo abin da ya ce kawai shi ne, "Allah ya sa ya ci, kada ya zubar."

Wani tsohon Buzu ya tsince mu, raƙumi ɗaya ya rage masa cikin garkensa. Ya ba mu ruwa, ya dafa mana shayi ba sukari, yana ta ba mu haƙuri sai ka ce shi ya yi mana laifin. Ya raka mu har wata rijiya da motoci ke tsayawa, ya juya bai tambayi ko sunanmu ba. A Tamanrasat muka yi leburanci wurin magina har muka sami abin hawa zuwa Alje, can muka shiga jirgin ruwa.

Ni teku ta juya mini ciki, na kwanta ina tuba daga laifukan da ban ma yi ba. Manzo ko gezau. Ya kama ƙarfen jirgi yana kallon ruwa tun safe, can ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Habu, duk ruwan nan ba gonar kowa a bakinsa?"

Na ce, "Gishiri ne zalla. Ko jaki ba ya sha."

Ya ce, "Ashe shi ma wani irin fari ne."

A Marsai sanyi ya tarbe mu tun a bakin jirgi. Muna tsaye muna kaɗuwa sai ga wani mutum ya yi mana sallama da Hausa, ya kira mu 'yan'uwa, ya tambayi mutanen gida. Wanda ya daɗe bai ji harshensa a bakin baƙo ba ya san abin da muka ji. Ya ce sanyin ƙasar nan yana kashe mutum a tsaye, ya ja mu wani lungu ya sayar mana da rigunan sanyi guda biyu, manto suke ce musu. Ta Manzo har da gashi mai laushi a wuya, ta kama shi a ƙugu tsam. A jirgin ƙasa mutane suna ta kallonmu suna murmushi, Manzo ya ce, "Kai, anasara akwai fara'a." Sai da muka isa gidan mai gadin dajin, matarsa ta buɗe ƙofa ta gan mu, ta yi dariya har ta nemi kujera, sannan muka san rigunan mata muka sha tun daga Marsai. Daga ranar na sa wa Manzo suna Hajiya, shi kuma ya ce ai ni bawansa ne na zaɓo masa, bawa kuwa bai san kaya ba. Tsakanin taubasai wannan ba faɗa ba ne.

Mai gadin dajin wani tsoho ne, Gasto, mai ɗingishi, lofe kullum a bakinsa. Matarsa Madam Odet ita ta karɓe mantocin nan ta ba mu na ɗanta da ya tafi soja, ta kuma ware mana tukunya tamu da naman alade bai taɓa shiga ba, ba tare da mun roƙa ba. Mai dajin kansa, patoro, a Paris yake zaune, sai lokacin farauta yake zuwa da baƙinsa.

Aikinmu shi ne kafa wa maharba wurin kwanto. Barewar ƙasar ba irin tamu ba ce, ta kusa gwanki girma, namijin da ƙaho mai rassa. Maharbansu kuma ba sa bin sawu da ƙafa kamar namu. Ɗan ɗaki ake gina musu a bisa dogayen ƙafafu huɗu, da tsani, da tsaga a bango inda bakin bindiga zai leƙa, su hau su zauna su jira. Mirado suke ce masa. Wani wurin kujera ce kawai da tsani a ɗaure jikin babban itace, wani wurin kuma bukka ce ta rassa da ganye a ƙasa. Gasto ya san dajin kamar tafin hannunsa, amma gwiwarsa ta hana shi hawa tsani, shi ya sa aka nemo mu. Da Manzo ya ga miradon farko sai ya ce, "Yo wannan ai rumbu ne aka yi wa ƙafar zalɓe."

Ranar farko Gasto ya tambaye mu, in mu ne, ina za mu kafa. Ba mu yi shawara ba muka nuna bakin wani tafki. Manzo ya ce in gaya masa dabba ko ina ta je sai ta dawo ruwa, kowane yaro a Damagaram ya san haka. Gasto ya taka ƙasa da takalminsa, ruwa ya tsattsafo ta gefe. Ya ce, "A nan ruwa ne ke bin dabba." Muka ji kunya, muka bi shi. Ya nuna mana 'yan hanyoyin da barewa ke bi tsakanin makwanci da wurin kiwo, da itatuwan da namiji ya goge ƙahonsa. Yakan karkaɗe tokar lofensa a iska ya ga inda ta nufa, don ba a kafa mirado inda iska za ta kai wa dabba warin mutum. Tsani ta baya ake sa shi. Ana sare rassan da suka tare ido, amma ba duka ba. Kuma tun da sauran lokaci ake gamawa, don ƙamshin sabon katako ya fita, dabba ta saba da ganin abin.

Ni ke awo da yanka da buga ƙusa, Manzo ke haƙa ramuka da ɗaga gungume. Da muka zo na can ƙarshen daji, bakin wata fadama, katakon rufi ya ƙare. Manzo ya shiga fadamar ya yanko kara, ya yi masa jinka irin ta gida, mai tsini. Gasto ya zaga shi yana gyaɗa kai, ya ce ya fi sauran kyau.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ruwan sama kusan kullum, a kan dajin da ba mai noma shi. Farkon zuwanmu Manzo yakan fita ya tsaya cikinsa, daga baya ya daina, ya ce kallonsa ɓata masa rai yake. Dankali da burodi sun ishe mu, ƙullin kukar da na ɓoye a aljihu ya ƙare. Ran Juma'a mu biyu muke salla a gindin itace, Manzo liman, ni jama'a. Amma da wata ya ƙare muka aika abin da muka samu ta hannun Malam Ishaya, amsa ta zo cewa ya isa. Hadiza ta sayi gero. Maƙwabta da yawa sun kwashe sun koma gefen Damagaram suna jiran rabon taimako, ita tana ɗakinta da yaranta. Malam Ishaya ya ƙara da cewa kafin saƙon ya zo, gidan tururuwa take tonawa ita da babbar 'yarta, suna sheƙe abin da suka samu. Maganar a fili take: muddin Manzo yana bakin aikin nan, gidansa yana tsaye, ranar da ya rasa shi kuwa su ma sai gefen gari.

Bayan mun gama gini sai ga tarakta shaƙe da buhunan masara. Na ɗauka ta Madam Odet ce da kajinta. Gasto ya ce a'a, ta barewa ce. Kowace safiya za mu ɗiba mu watsa a fili gaban kowane wurin kwanto, don dabbobi su saba da zuwa kafin ranar farauta. Ya cika bokiti ya nuna mana, ya watsa ta cikin laka, ya bi ta kai da takalmi ya wuce. Masara ce mai kyau, ja, ƙwaya cikakkiya, irin wadda a gida sai a ajiye ta iri. Na dubi Manzo, shi ƙasa yake kallo. Aka raba mana daji, ni gabas, shi wajen fadama.

Ni ma ban ji daɗi ba, gaskiya. Hannuna yakan yi nauyi, amma nakan ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, in rufe ido in watsa. Ba a jima ba filayena suka cika da sawu. Wajen Manzo shiru. Gasto ya ce wataƙila ruwan fadama ne ya hau ya canza musu hanya. Manzo kullum yakan fita da buhu cike ya dawo da shi wayam, ya kuma daina ƙorafin ruwan sama, har yana ɗan ƙiba. Wannan ne ya sa na zarge shi, don na san taubashina, ba ya samun kwanciyar hankali a banza.

Ana saura 'yan kwanaki baƙi su zo, na gama nawa da wuri na bi shi. Filin gaban miradon fadama fes yake, ko ƙwaya babu. Takalmansa na gindin tsani. An liƙe ƙofar da laka da ciyawa, an toshe tsagar bindiga, an naɗa gwangwani a ƙafafun huɗu don ɓera, jinkar kuma a ɗage ta gefe ɗaya, an tokare ta da sanda. Na hau na leƙa ta sama. Ga Manzo zaune a ciki, masara ta rufe masa ƙafafu, ya barbaɗe ta da toka saboda ƙwari, hannunsa ɗaya nutse a ciki har gwiwar hannu.

Na ce, "Hajiya, me nake gani haka?"

Ya ce, "Rufe bakinka, iska na shiga."

"Ka san abin da ka yi kuwa? In patoro ya gani korarka zai yi."

"Sata na yi? Ga abinsu nan, ko ƙwaya ban kai bakina ba. Ajiyewa na yi."

"Ba ajiya aka ce ka yi ba, zubawa aka ce."

Ya ɗago hannunsa, masara na zuba ta tsakanin yatsunsa. "Habu, na gwada. Ran farko na cika hannu, na ɗaga, hannun ya ƙi buɗewa. Hadiza na can tana ƙwace wa tururuwa abinci, ni in tsaya nan in zuba wa naman daji a laka? Ka taɓa ganin wanda ya zubar da hatsi ya gama lafiya?"

"To aika mata za ka yi? Ta wace hanya?"

"Na san ba ta aikuwa."

"To me za ka yi da ita?"

Ya ce, "In hau in gan ta."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ni zan zubar in ba zai iya ba. Ya ce in na taɓa rumbun nan ba shi ba ni har abada, kuma na ga ba wasan taubasai yake ba. Sai na riƙa rage nawa ina zuwa watsawa a filinsa, amma barewa ba ta canza hanya don kwana kaɗan. Na koma addu'ar Allah ya sa kada a kai kowa fadama. Na so in gaya wa Gasto, na kasa, ina tsoron in zama ni na yanke wa Hadiza abinci da bakina.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da sassafe aka rarraba baƙi, patoro ya ce shi miradon mai jinka yake so, wanda Gasto ke ta yabo. Na ɗauki jakarsa, Gasto na ɗingishi a baya, Manzo ya biyo mu ba wanda ya kira shi. Patoro ya hau tsani, ya ja ƙofa ta ƙi. Ya dubi lakar da mamaki, ya sa ƙarfi ya fizga. Masara ta ɓarke masa a ƙirji, ta bi wuyan rigarsa, ta tafi da hularsa, ta yi ta kwarara ta tsakanin matakan tsani. Allah ya taimaka ya riƙe da kyau bai faɗo ba. Kafin kowa ya yi magana Manzo ya tuɓe mantonsa ya shimfiɗa a ƙarƙashi yana tara, wadda ta faɗa laka yana tsincewa da yatsu.

Patoro ya sauko fuskarsa ja wur, ya ce ɓarawo. Gasto ya cire lofe ya ce, "Ɓarawon da ke kai kaya inda mai su zai hau ya zauna?" Sannan ya ce in tambayi Manzo dalili.

Manzo bai ɗago ba. "Gaya mishi a garinmu ba a zuba hatsi a ƙasa. Wanda ya gan shi a ƙasa tsincewa yake. Iyakar abin da na sani ke nan."

Na faɗa, na ƙara da labarin farin da na tururuwa gwargwadon Faransancina. Gasto ya ja patoro gefe yana masa magana a hankali. Na tsinci "lokacin yaƙi" da "uwata" a ciki, sauran ta wuce ni. Patoro ya karkaɗe wuyan rigarsa, ya huce kaɗan. Ba mugun mutum ba ne, amma dajinsa ne, farautar safiyar kuma ta lalace. Ya ce bai kawo mutum daga wata duniya don ya yi masa ajiya ba. Ko Manzo ya watsa masarar nan da hannunsa yanzu, ya kuma ci gaba da yi kullum, ko ya hau jirgin gobe.

Na juya masa maganar yadda take, ban rage ba. Sannan na ce, "Yaya Manzo, ka tuna gida." Rabon da in kira shi Yaya tun ina yaro.

Ya ce, "Na ji. Ba sai ka tuna mini ba."

Ya daɗe a tsugune. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Can ya miƙe ya ɗauki bokiti, ya cika shi daga mantonsa, ya shafe bakin da tafin hannu yadda ake yi wa tiyar awo, ya ƙara ɗan gyara a kai. Ya tuɓe takalmansa, ya taka zuwa tsakiyar filin, ya tsaya ya fuskanci kudu. Ya cika hannunsa. Sai na ji ya yi magana, ba da ƙarfi ba, da muryar maigida da ya sauko daga rumbunsa da safe.

"Hadiza, fito ki karɓi awo."

Ya watsa. Ya sake cika hannu ya watsa, har bokitin ya ƙare. Ya dawo ya sake cikawa, ya shafe bakin, ya ce, "Wannan na yara ne."

Gasto ya matso kusa da ni ya ce, "Me yake cewa?"

Na ce, "Da matarsa yake magana."

Tsohon ya ɗingisa zuwa gindin tsani. Ya sunkuya da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya riƙe wa Manzo bakin manto don ya ji daɗin ɗiba. Haka Manzo ya riƙa kiranta kowace safiya a bakin fadamar nan har muka baro ƙasar, ita kuma ba ta bar ɗakinta a Zermu ba.